"Uwarsa ce ta ƙi shi tun yana ciki": shin laulayi ne ke sa yaro tsirfar abinci?

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakin manya, tun ina yarinya a Sabon Ibadan har zuwa yanzu da aure ya kawo ni Kubwa a nan Abuja. Da zarar yaro ya kau da kai daga wani abinci, sai ka ji wata ta ce, "Ku ƙyale shi, ai uwarsa ce ta ƙi shi tun yana ciki." Ana faɗar ta a gidan suna a Agege, ana faɗar ta a Sabon Shagamu, 'yan uwanmu na Ama Hausa a Owerri ma ba baƙuwarsu ba ce. Wata da tausayi take faɗa, wata kuma da habaici, musamman idan ta fito daga dangin miji.

Ga mai saurare maganar kamar ba ta da wata illa, amma ɓarna biyu take yi. Ta farko, tana ɗora wa uwa laifin abin da ba ita ta zaɓa ba. Ta biyu ta fi muni: tana sa a yanke ƙauna da yaron. Tunda an ce haka aka haife shi, sai a daina ba shi kifin, a daina ba shi waken, ya taso daga shayi da burodi sai Indomie. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware zaren: me ke sa mai ciki ƙyamar abinci, me ke isa ga ɗan da ke cikinta, kuma me ke sa ɗan shekara biyu ya ture kwano.

Daga ina ƙyamar take zuwa?

Wajen mata bakwai cikin goma suna fama da tashin zuciya ko amai a farkon ciki. Yawanci yakan fara ne wajen mako na 6, ya yi ƙamari wajen mako na 9, sannan ya lafa tsakanin mako na 16 zuwa na 20. Tare da shi ne hanci ke buɗewa fiye da kima. Matar da jiya ita ke soya albasa tana waƙa, yau ƙaurin albasar daga gida na uku sai ya tayar mata da zuciya. Wanda bai taɓa zama a gidan haya mai ɗaki goma da madafi ɗaya ba, ba zai gane azabar nan ba. Wannan maƙwabciya ta ɗora manja yana hayaƙi, waccan ta zuba iru a miyar lalo, ta can ƙurya tana wanke ɗanyen kifi, ke kuma kina kwance da bokiti a gefen katifa. A Abuja kuma sai a ƙara da warin fetur da turaren fasinjoji a cunkoson safe na hanyar Mararaba zuwa Nyanya.

A shekarar 2000 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Samuel Flaxman da Paul Sherman, sun tattara rahotannin dubban masu ciki daga ƙasashe da dama. Abin da suka tarar shi ne nama da kifi da kaza da ƙwai su ne kan gaba a cikin abubuwan da ake ƙyama. A nasu ganin, wata dabara ce ta jiki don kare ɗan tayi daga abinci mai saurin lalacewa a watannin da ake tsara gaɓoɓinsa. Ra'ayi ne, ba duka masana suka yarda da shi ba, amma jerin abincin dai kowace ungozoma za ta ce haka ne.

Bayanin da ya fi ƙarfi ya fito ne a watan Disamba na 2023 a mujallar Nature, daga wani ayarin masana da ya haɗa da Marlena Fejzo ta Amurka da Stephen O'Rahilly na Jami'ar Kambirij a Ingila. Sun nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15 shi ne babban mai tayar da zuciyar, yana taɓa wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ke kula da amai. Matar da jikinta bai saba da sinadarin ba kafin ciki, ita ta fi shan wuya idan ya ƙaru farat ɗaya. Ita Fejzo ɗin ba a takarda ta san ciwon ba. A 1999 amai ya kwantar da ita har ta rasa cikin, likitanta kuma ya ɗauka neman kulawa kawai take yi. Wannan shi ya sa ta juya bincikenta ga matsalar.

To ga inda zancen ya yi daɗi. Mafi yawan wannan sinadari da ke yawo a jinin uwa, daga mabiyiya yake fitowa, wato daga ɓangaren jaririn. Ashe idan ma akwai wanda ya sa wani ƙin abinci, ɗan ne ya sa uwar. Maigida, ka riƙe wannan. Ba shagwaɓa ba ce, ba kuma ƙyuyar girki ba ce. Gimbiya Kate, matar Yarima William na Ingila, da duk gatan da take da shi, sai da amai ya kai ta gadon asibiti a Disamban 2012 a cikinta na fari.

Abin da ɗan tayi yake ɗanɗana

Manyanmu ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma a nan ne ya kamata mu yi musu adalci. Ɗan tayi yana kwance ne a cikin ruwan faya, kuma tun kafin ciki ya kai rabi ya fara haɗiyar ruwan nan. Ƙamshin abin da uwa ta ci, irin su tafarnuwa da karas, yana bi ta jini ya shiga ruwan. Saboda haka jariri ba ya zuwa duniya da baki fanko.

Wadda ta fi yin suna a wannan fage ita ce Julie Mennella, ta cibiyar Monell da ke Filadalfiya. A binciken da ta wallafa a 2001, ta raba mata 46 gida uku. Wasu sun riƙa shan ruwan karas kwana huɗu a mako har mako uku a watannin ƙarshe na ciki, wasu sun sha a farkon shayarwa, sauran kuma ruwa zalla. Da jariran suka kai wajen wata shida aka dama musu kunu da ruwan karas. 'Ya'yan waɗanda suka sha karas, ko a ciki ko a goyo, ba su yamutsa fuska kamar 'ya'yan masu ruwa zalla ba. Amma a lura da kyau: yawan kunun da suka sha bai bambanta can can ba. Sabo ne aka samu, ɗan sassauci, ba hukunci ba.

A 2022 kuma masana a Jami'ar Durham ta Ingila sun ɗauki hoton cikin mata 100 masu ciki na mako 32 zuwa 36. Wasu an ba su ƙwayar garin karas sun haɗiya, wasu ta garin wani ganye mai ɗaci dangin kabeji. Bayan kamar minti 20 sai aka ga fuskar 'yan karas ta fi yin kamar murmushi, ta 'yan ganyen kuma kamar mai shirin kuka. Hotunan sun yi yawo a Facebook da WhatsApp a lokacin, ƙila wasunku sun gani.

Yanzu ku dubi lokutan da aka yi waɗannan gwaje-gwaje. Duk a wata ukun ƙarshe ne. Ƙyamar abinci kuwa a wata ukun farko take cin kasuwarta, kuma ga yawancin mata ta riga ta tafi kafin a shiga wata na shida. Wato lokacin da uwa take gudun ƙarnin kifi, ɗan bai kai ya riƙe ƙamshi ba. Lokacin da ya kai, ita ta koma cin kifinta. Sannan abin da binciken ya nuna shi ne ƙamshin da ya iso ga yaro yana iya zame masa sananne. Bai nuna cewa ƙiyayyar uwa tana bin cibiya ta shiga yaro ba. Abincin da ba ta ci ba, iyakarsa ya zama baƙo gare shi, kamar dai sauran abinci dubu da ba ta taɓa ci ba. Wace Bahaushiya ce ta ci alewar madara kowace rana da ciki? Amma wane yaro ne ya taɓa ƙin ta?

Abu ɗaya na ci karo da shi wanda ya danganta laulayi kai tsaye da bakin yaro, kuma ba ta inda ake zato ba. A 1998 Susan Crystal da Ilene Bernstein na Jami'ar Washinton sun gwada jarirai 'yan mako 16, suka ga waɗanda iyayensu suka sha amai sosai sun fi karɓar ruwa mai ɗan gishiri. Ana jin bushewar jikin uwa ce sanadi. Ƙaramin bincike ne, kuma so ya nuna, ba ƙi ba.

Ko da a ce laulayin ya bi mace har haihuwa, akwai dama ta biyu, kuma doguwa ce. Hausawa kan ce wane a nono ya tsotsa, kuma a kan abinci maganar gaskiya ce tsagwaronta. Ita dai Mennella da abokin aikinta Gary Beauchamp sun nuna tun 1991 cewa idan mai shayarwa ta ci tafarnuwa, ƙamshin yana fita a nono bayan 'yan sa'o'i, jariran ma har sun fi daɗewa suna tsotso. Madarar gwangwani ɗanɗanonta ɗaya ne daga Litinin zuwa Lahadi. Nonon uwa kuwa yau daddawa, gobe citta, jibi yakuwa. Mu da Alƙur'ani ya ambata mana shekara biyu a Suratul Baƙara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma take cewa wata shida nono zalla sannan a ci gaba har shekara biyu ko fiye, muna da wata 24 na koya wa yaro tukunyar gidansu. Wata uku na laulayi ba zai rinjayi wannan ba.

Ni 'ya'yana uku. A cikin fari ko sunan nama ba na son ji, maigidan sai a waje yake cin tsirensa ya wanke baki kafin ya shigo. Yarinyar nan yanzu ita ake ɓoye wa tukunya. A na biyu kifi na tsana, kuma yaron ya taso ba ya son kifi. Surukata ta zo daga Katsina ta gani, ta ce, "To kin gani ko? Ni dama na faɗa." Na ce, "Hajiya, to ita babbar fa?" Ta yi dariya ta ce, "Wannan kwaɗayin ubanta ta ɗauko." Na uku kuwa ko ciwon kai ban yi ba, komai na samu ci nake, kuma duk gidan babu mai tsirfa irin tasa. Haka abin yake a yawancin gidaje. Wanda ya dace da maganar shi ake tunawa, biyun da suka saɓa mata a manta da su.

To me ke sa yaro ture kwano?

Na farko shekaru. A shekararsa ta farko jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa har sau uku. Daga nan girman sai ya ja birki, ya koma ƙarin kamar kilo biyu a shekara. Jikin da ya rage gudu dole ya rage ci. Uwa kuma ta saba da ɗan wata goma mai buɗe baki ga kowane cokali, sai ta ga ɗan shekara biyu yana wasa da loma uku, hankalinta ya tashi. A daidai wannan lokaci ne kuma tsoron baƙon abinci ke kama yara, yakan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, a Kano ne ko a Landan. Kowane jariri da son zaƙi da ƙin ɗaci ake haifarsa, shi ya sa ganye ne kan fara shan kora.

Na biyu gado. A watan Satumba na 2024 masana a Landan sun fitar da sakamakon bin diddigin tagwaye sama da gida 2,000 da aka haifa a Ingila da Wales a 2007. Sun ƙiyasta cewa kashi 60 cikin ɗari na bambancin tsirfa tsakanin yara 'yan wata 16 daga gado yake, kuma daga shekara 3 zuwa 13 ya haura kashi 70. Yaran Turawa ne, ba namu ba, kuma gidan da ake da zaɓi goma ba ɗaya yake da gidan da tukunya ɗaya ce ba. Amma ko ba komai ya tuna mana abin da dangin miji ke son mantawa: rabin gadon yaro daga ubansa yake. Kafin a tambayi me uwar ta ƙi da ciki, a tambayi kakarsa ta wajen uba yadda ta sha fama da nata ɗan.

Na uku, kuma shi ne wanda ke hannunmu, sabo. A nan mu mazauna Kudu ba ma buƙatar wani Bature ya yi mana gwaji, mu ne gwajin. Yaron da aka haifa a Sabon Ibadan yana tashi da amala da miyar lalo da gyagiri, na Fatakwal da teba da miyar agushi, na Agege ya san burodi da wake tun bai iya magana ba. Iyayensu mata da yawa a Arewa suka girma, da tuwon dawa da miyar kuka aka yi cikin nasu, wasu ma kwaɗayin kukar suka yi ta yi har ana aiko musu daga gida. Amma a kai yaran hutun ƙarshen shekara, a ajiye musu tuwo da kuka da man shanu, sai kallon kallo. Idan ciki ne ke yanke hukunci, da hannu biyu za su ci. Abin da ake ɗorawa a murhun gidansu kullum shi ya rinjaya. Abuja ma haka take, sai dai a nan abin ya fi cakuɗewa. A layinmu kaɗai akwai Gbagyi da Tibi da Ibo da Igbira, kuma yaran duk sun san kwanon juna.

Illar da nake tsoro a lambobi take. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 68 kuma suna da ƙarancin jini. A cikin 'yan wata 6 zuwa 23, kashi 23 kacal ke samun abinci kala-kala gwargwadon mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Talauci ne babban dalili, babu mai musu, balle da tsadar yanzu. Amma na sha shiga gidajen da ba su rasa kuɗin ƙwai da wake ba, yaro yana rayuwa a kan shayi da biskit da lemon kwali, saboda an riga an rufe littafinsa da cewa haka ya fito.

Ke mai ciki

Kada ki tilasta wa kanki abin da zuciyarki ke ƙi don tsoron kada yaro ya ƙi shi gobe. Ba a nan matsalarki take ba. Matsalarki jini ce. Wancan bincike na 2018 ya samu kashi 61 cikin ɗari na masu ciki a ƙasar nan da ƙarancin jini, kuma abubuwan da laulayi ya fi kora, nama da kifi da ƙwai, su ne masu gina shi. Saboda haka musanya za ki yi. Nama ya ƙi, ga alale, ga awara, ga ɗanwake, ga kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, ga faten wake da alayyafo. Ki haɗa da lemo ko gwaiba ko wani abu mai ɗan tsami, yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikinsu. Shayi kuwa hana shi yake yi, ki raba shi da lokacin cin abinci.

Kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi cika ciki sau biyu, kuma ciki wayam shi ya fi tayar da zuciya. Ki ajiye gurasa ko busasshen biskit kusa da filo, ki ɗan ci kafin ki miƙe da safe. Abinci mai sanyi bai kai mai zafi tashin ƙamshi ba, shi ya sa mata da yawa ke rayuwa a kan fura a watannin nan, sai dai a tabbatar nonon daga dafaffiyar madara aka yi shi. Citta tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojinta na awon ciki na 2016 don rage tashin zuciya, tare da bitamin B6. Idan ƙwayar ƙarin jini ce ke tayar miki da zuciya, kada ki jefa ta bayan gado ki yi shiru. Ki faɗa wa nas a wurin awo, ana iya canza miki lokacin sha ko a sake wata. Kai kuma maigida, wata biyu ne ko uku. Idan ka sayo dafaffe, ko ka roƙi ƙanwarka ta karɓi girki, ba a rage maka komai ba.

Sai batun farar ƙasa, wadda Ibo ke kira nzu, da ake sayarwa ƙulli-ƙulli a kusan kowace kasuwa daga Onica har Utako. Kwaɗayinta sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, kuma cin ta ƙara shi yake yi. Hukumomin kula da abinci na Ingila da Amurka duk sun yi gargaɗi a kanta saboda gubar dalma da aka samu a ciki. Idan ranki yana biya miki ita, ko ƙanƙara, ko ƙasar bango, gwajin jini kike buƙata.

Akwai kuma laulayin da ya wuce na jiƙa citta. Yana kama mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari. Idan kin yini kin kwana ko ruwa ba ya zama, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, jiri yana ɗibar ki in kin tashi, kina ramewa a ido, ko kin ga jini a amai, to asibiti za a tafi a ranar. A nan Abuja akwai manyan asibitocin gwamnati a Kubwa da Nyanya da Wuse da Asokoro da Maitama, ga Asibitin Ƙasa, ga na Koyarwa a Gwagwalada. Ƙarin ruwa da maganin amai wanda ba ya cutar da ciki suna nan. Haƙuri ba ya maye gurbin ruwan jiki.

Shi kuma mai ture kwanon

Masu binciken cin abincin yara sun daɗe da gano cewa yaro kan buƙaci ya ɗanɗana sabon abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi. Mu kuwa sau nawa muke gwadawa? Biyu, uku, sai mu kira sunan laulayi mu tattara. A sa masa ɗan kaɗan a gefen abin da ya saba, ko da cokali ɗaya ne. Ya ci, to. Bai ci ba, a ɗauke ba faɗa ba roƙo, bayan kwana biyu a sake. Ɗan nawa mai gudun kifi sai da muka yi kusan wata huɗu a haka, daga ɓarɓashin busasshen kifi a cikin fate har ya kai ga ɗaukar yanka da hannunsa. Har yau ba masoyin kifi ba ne, amma yana ci.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Leann Birch, ta yi wani gwaji a 1980. Ta zaunar da yaro mai ƙin wani kayan lambu a tsakiyar yaran da ke son sa, cikin kwana huɗu sai ga shi yana zaɓar abin da ya ƙi. Da na karanta sai na tuna tiren gidanmu a Sabo, mu shida a kai, wanda ya tsaya tsirfa ya tashi da yunwa. Kakanninmu sun riga ta sani. Abin da zaman birni ya ƙwace mana ke nan: uwa ta fita tun shida na safe don ta riga cunkoso, yaro shi kaɗai da ɗan kwanonsa na roba da waya a gabansa, mai aiki tana bin sa da cokali. Ko sau ɗaya ne a rana, a zauna a ci tare, ya ga hannun babansa yana shiga miyar da ake so ya ci.

Abin da ba zan yi wa kakannin kara a kansa ba shi ne ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara koko a tafin hannu a bakinsa har sai ya haɗiye. Muna yi, maƙwabtanmu Yarbawa ma suna yi. Kokon nan yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, kuma yara suna mutuwa ta haka. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa abinci yaƙi ne. Haka nan canfin hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata. Ƙwai ɗaya a rana yana cikin mafi sauƙin abin gina jiki da za a iya ba ɗan wata bakwai. A kuma duba abin da yake sha tsakanin abinci, domin cikin yaro ɗan ƙarami ne, lemon kwali ɗaya da biskit biyu da la'asar sun isa su kashe tuwon dare.

Tsirfar da aka saba gani ba ta hana yaro wasa da girma. Idan kuwa nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa a katin awo, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko ƙafa ta kumbura, ko gashi ya yi ja yana zuba, ko yana shaƙewa in ya haɗiya, wannan ya wuce tsirfa. A kai shi a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani, kuma tana da magani.

Saura yaye, wanda ya fi shafar mu 'yan ci-rani da mazauna nesa. Al'adarmu ce a ɗauki yaro a kai wa kaka, kuma ga wanda ke Legas ko Aba wannan tafiyar kwana ce a mota. A rana ɗaya yaro ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa tukunyar da ya sani, a ajiye masa kunun tsamiya da tuwon da bai taɓa gani ba. In ya ƙi ci ya rame, sai a waiwayo kan uwar da abin da ta ƙi da ciki. Idan kun san za ku kai shi gida, ku fara shigo da abincin gidan wata uku ko huɗu kafin tafiyar, tun yana kan nono. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da gero ba su yi wuyar samu ba, suna nan a Mile 12 da Agege, suna nan a Sasa da Sabo, mu nan kuma a Wuse da Dei-Dei da kasuwar Kubwa. Uwar ta riƙa ci, shi ma a riƙa lasa masa sau biyu ko uku a mako. A jakar tafiyar kuma a saka masa ɗan garin amala ko garin rogon da ya saba, kaka ta riƙa haɗa masa da nata a makon farko.